Na wuce surukata a kasuwa ban gane ta ba

Tambaya: Anti, ina cikin damuwa. Na wuce uwar mijina a kasuwa ban gaishe ta ba, wallahi ban gane ta ba sai da ta kira sunana. Yanzu dangin miji suna cewa girman kai ne da ni. Tun ina ƙarama haka nake, kuma idanuna lafiya lau. Ko dai iska ce? Daga wata mai karatu, Zariya.

Amsa: 'Yar'uwa, kwantar da hankalinki. Abin da kika bayyana ya yi kama da abin da likitoci ke kira makantar fuska, babu ruwan iska a ciki. Ido yana gani sarai, ga hanci, ga baki, ga gira, amma ƙwaƙwalwa ba ta haɗa su ta ce miki "ai Hajiya ce". Wani yanki ne a ƙasan ƙwaƙwalwa, wajen bayan kunne, musamman ta dama, ke wannan aikin. Nancy Kanwisher da abokan aikinta a Amurka suka nuna shi a hoton ƙwaƙwalwa a 1997. Tun 1947 wani likitan Jamus, Joachim Bodamer, ya yi bayanin matsalar a kan mutanen da suka ji rauni a ka. Amma da yawa haka suka taso kamar ke, an ƙiyasta kusan mutum 2 cikin 100, kuma abin yakan bi jini.

Har yau ba a samo maganinsa ba, sai dabara. Riƙe murya, ki riƙe tafiyar mutum, da wushirya, da zanen kumatu, da tabarau. Inda zan fi tausaya miki shi ne gidan biki: mata sun sha anko, an yi ɗauri iri ɗaya, kwalliya ta rufe sauran alamun. Can ki tafi da ƙanwa ko aminiya da za ta riƙa raɗa miki sunaye.

Abin da na fi so ki yi kuwa, ki zaunar da maigida ki faɗa masa komai, sannan ku je tare ku gaida Hajiya, shi ya yi mata bayani da bakinsa. Ɓoyewar ce ke jawo miki zargin.

Wanda kuma da yana gane mutane, rana tsaka ya daina, ya garzaya asibiti a ranar, domin yana iya zama alamar shanyewar ɓarin jiki.