Tsuntsayen saman dutse sun yi kaɗan, ko ni ce na yi kuskure?

Tambaya: Malam don Allah a taimaka min. Ni ɗaliba ce daga Tudun Wada a Kaduna, na yi ƙirgan tsuntsaye a gandun dajin Gashaka-Gumti daga gindin dutse zuwa sama, ina hawa nau'o'in suna raguwa. Wani ma ya ce min dajin saman ba shi da amfani kenan, ko an sare shi tsuntsu ai yana da fiffike. Hankalina ya tashi wallahi.

Amsa: 'Yata kwantar da hankalinki, abin da kika gani haka yake a duwatsu da yawa na ƙasashe masu zafi. Duk mita 1,000 da kika hau zafi na sauka da wajen digiri 6, ƙwari da 'ya'yan itace su ragu, filin ma ya tsuke. Ki dai tabbatar da asuba kika ƙirga ko'ina, kuma a lokaci ɗaya na shekara.

Amma maganar fiffiken nan ita ke ƙona min rai, kullum sai na ji ta, har a bakin masu sa hannu a takardar ba da fili. Ya tashi ya je ina? Chappal Waddi da ya fi kowane dutse tsawo a Najeriya mita 2,419 ne, daga nan sai sama, babu wani daji kuma. Gindin dutse kuwa zafi ne kuma akwai tsuntsayen wurin da suka fi shi iya zama a can. Tsuntsun nan mai saƙa sheƙa da ake kira Bannerman, in ba a tsaunukan Najeriya da Kamaru ba duk duniya ba ki ganinsa, yana nan a Ngel Nyaki a kan Mambilla, ɗan guntun daji da ciyawa ta kewaye, ga wutar da ake cinnawa duk rani tana cin bakinsa. Wasu tsuntsayen cikin kurmi ko fili buɗaɗɗe ba sa yarda su tsallaka. Sai kuma a zo a dasa bishiyar turare a ce an mayar da daji, haba jama'a! Wane abinci tsuntsun kurmi zai samu a can? Amana ce Allah Ya ba mu, kuma za a tambaye mu.

Saboda haka kar ki tsaya a kan yawa kawai. Ki ware nau'o'in da kika samu a sama kaɗai ba ki gansu a ƙasa ba, ki ba su babi nasu, ki kai wa wancan mutumin ya karanta.