Ina ya kamata in ajiye bayanai da hotunan na'urorina ba tare da kashe kuɗi da yawa ba?

Tambaya: Ina kula da na'urori 50 da aka ɗaura a ɗakunan sanyi na ajiye kayan gwari. Kowace tana aiko da ma'aunin zafi duk minti ɗaya, da kuma hoto duk awa ɗaya. Wace ma'ajiyar intanet ce ta fi araha?

Amsa: Malam, yawancin masu wannan tambaya farashin gigabayit suke dubawa su tsaya nan, alhali a aiki irin naka ba can kuɗin ke zurarewa ba. Abu uku ake biya: wurin ajiya, yawan sau da aka rubuta ko aka karanta fayil, da kuma fito da kaya daga ma'ajiyar.

Mu yi lissafi da Amazon S3, wato ma'ajiyar intanet ta kamfanin Amazon, a cibiyarsa ta gabashin Amurka, inda gigabayit yake dala 0.023 a wata, rubutu (wato saka fayil a ma'ajiyar) sau 1,000 kuma dala 0.005. Na'urorinka za su aiko da ma'auni 2,160,000 a wata. Idan kowanne bayit 200 ne, duka ba su kai rabin gigabayit ba, wato kuɗin ajiyarsu bai wuce dala 0.01 ba. Amma idan kowane ma'auni ya zama fayil mai zaman kansa, kuɗin rubutun kaɗai zai kai dala 10.80, wato ladan ɗan dako ya ninka kuɗin kayan sau dubu. Da za ka tara ma'aunan awa guda na kowace na'ura ka zuba su a fayil ɗaya, rubutun zai dawo 36,000, kuɗinsa dala 0.18. Wannan gyara, a ganina, ya fi duk wani canjin kamfani amfani, kuma yana damuna ƙwarai ganin yadda ake tsallake shi. Ma'aunan 'yan makonnin nan, waɗanda kake dubawa kullum, ka bar su a rumbun bayanai irin InfluxDB ko TimescaleDB, tsofaffin kuma a matse su a kai ma'ajiya.

Hotuna lamarinsu daban ne. Hoto 36,000 mai nauyin kilobayit 300 zai ba ka kusan gigabayit 11 a wata, kusan 130 a ƙarshen shekara, wanda ajiyarsa ba ta wuce dala 3 a wata ba. Abin tambaya shi ne, wa zai riƙa kallonsu? Amazon na yafe gigabayit 100 na farko a wata, daga nan sai ya karɓi kimanin dala 0.09 a kan kowane gigabayit da ya fita. Idan masu ɗakunan za su riƙa buɗe hotunan a wayoyinsu safe da yamma, Cloudflare R2, wato ma'ajiyar kamfanin Cloudflare, ya fi dacewa da kai, domin yana karɓar dala 0.015 a gigabayit a wata kuma ba ya cajin fitarwa, ko da yake shi ma yana ƙirga rubutu.

Ka yi hattara da azuzuwan ajiya masu arha. Na S3 da ake kira Standard-IA yana lissafa duk fayil da bai kai kilobayit 128 ba tamkar ya kai, kuma dole ka biya kwana 30. Glacier Deep Archive, wani ajin na S3, kusan dala 1 ne a terabayit a wata, sai dai mafi ƙarancin zamansa kwana 180 ne, kuma fito da hoto na iya ɗaukar awa 12, wanda ba zai yi maka rana ba ranar da tumatir ya lalace ana neman hujja.

Shawarata, ka sa hotunan a R2, ka kafa dokar da za ta goge waɗanda suka wuce wata shida, ka kuma rage girman hoto tun daga kan na'urar, domin datar layukan da na'urorin nan 50 ke aiko da hotuna ta kansu ma kuɗi ce, kuma da wuya ba ta zarce kuɗin ajiyar ba. Tunda da dala za ka biya, ka kunna gargaɗin kashe kuɗi a asusunka tun ranar farko.