Ruwan sha a ranar zubin dekin

Kai yaro, wai kana tambaya ko a bar lebura su riƙa tsayawa shan ruwa ana tsakiyar zubi, tunda kankare ba ya jira. Ka fama mini tsohon miki.

Wata bazara cikin Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, na karɓi zubin dekin wani Alhaji a bayan gari. Mun yi da shi zai kawo tankar ruwan kwaɓi da buhunan fiya wata na sha. Tanka ta zo da ruwan kududdufi, kore shar. Ruwan sha kuwa, duk kiran da na yi sai ya ce yana hanya. Yara na ta hawa da kwanon sarki tun hantsi. Kafin azahar babban leburana, ƙato da ba ya gajiya, ya ce ƙafarsa na ɗaurewa, kansa na sarawa. Can sai ya yanke jiki ya zube kan katako. Muka watsar da aiki muka yi asibiti, aka yi masa ƙarin ruwa, daga aljihuna. Kafin mu dawo abin da muka zuba ya kama, sabo ya ƙi haɗuwa da tsoho. Damina na sauka wurin ya fara yoyo, Alhaji ya riƙe cikon kuɗina, yana yawo da ni a gari wai ban iya aiki ba. Ni! Allah ya isa.

Saboda haka a wurina ba a buɗe buhun siminti sai jarkokin ruwan sha sun sauka a inuwa. Kowa ya sha kofi guda duk bayan minti 20, bi da bi, ko bai ji ƙishi ba. Wanda fitsarinsa ya yi ja kamar shayi ya sauko. Gumi kuma da gishiri yake fita, shi ya sa nake haɗa lita ɗaya ta ruwa da sukari cokalin shayi 6 da rabin cokali na gishiri.

Ku yaran yanzu sai ku zo ciki wayam, ba koko ba ƙosai, ku kwankwaɗi lemon ƙara kuzari kuna taƙama. Wanda na gani da kwalbar nan a kan dekina zai koma gida. In azumi ne kuma, bayan tarawihi ake zubi. Tashi ka duba ko mai garuwa ya iso.