Tambayi Likita: ƙarfe a cinya, sikanin ciki da turken sabis

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin da suka shigo a wannan makon yawancinsu kan na'urori ne, na asibiti da na sadarwa, don haka na haɗa su wuri guda. Na taƙaita wasu tambayoyin saboda tsawo.

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ni direban tifa ne a Bajoga. Na taɓa yin haɗari aka sa mini ƙarfe a cinya. Yanzu ciwon baya ya matsa mini, ƙafar dama tana mutuwa, an tura ni Gombe in yi MRI. Abokan aiki sun ce na'urar za ta fizge ƙarfen daga jikina. Gaskiya ne?

Amsa: Sannu da jiki Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Maganar abokanka tana da tushe, sai dai sun ƙara mata gishiri. Na'urar MRI ƙaton maganaɗisu ce. Wadda aka fi samu a asibitoci ƙarfinta tesla 1.5 ne, wato kusan ninki 30,000 na maganaɗisun da duniya kanta ke da shi, kuma ba a kashe ta dare da rana. Shi ya sa ba a shiga ɗakin da makulli ko almakashi ko tukunyar iskar oksijin. Tana iya jawo su da gudu su raunata mutum.

Amma ƙarfe suna ya tara. Farantin da kusoshin da likitocin ƙashi ke sawa a yanzu galibi na titaniyom ne ko wani nau'in baƙin ƙarfe na tiyata, kuma maganaɗisu ba ya jan su yadda yake jan ƙusar kafinta. Ga shi an ɗaure su da ƙashi, ƙashin ya warke ya riƙe su. Abin da suka fi jawowa shi ne su ɓata hoton wurin da ke kusa da su, kai kuwa bayanka za a duba, ba cinya ba. Ka tafi da takardar sallamarka ta wancan asibitin in tana nan, ko tsohon hoton ƙashin, ka faɗa wa mai ɗaukar hoton komai kafin ka kwanta. Shi zai yanke hukunci.

Waɗanda ke sa mu taka-tsantsan sosai daban ne: mai na'urar daidaita bugun zuciya, mai na'urar ji da aka dasa a kunne, wanda aka taɓa matse wa jijiyar jini a ƙwaƙwalwa da ɗan ƙarfe, sai kuma masu walda da maƙera. Ɗan ɓarɓashin ƙarfe da ya faɗa ido shekaru da suka wuce, mai shi ma ya manta, yana iya motsawa ya lalata gani. Haka wanda ke da ragowar harsashi a jiki. Duk wanda aka tambaye shi sana'arsa a bakin ɗakin MRI, ba neman gulma ake yi ba.

Za ka kwanta minti ashirin zuwa arba'in cikin ƙara mai yawa, ba zafi. Abu ɗaya kar ka jira: in fitsari ko bayan gida ya fara kufce maka, ko tsakanin cinyoyinka ya mutu, ka nufi asibiti a ranar, ba sai ranar da aka ba ka ba.

Na san za ka yi kukan kuɗi. Na'urar tana da tsadar riƙo ne, don ana sanyaya wayoyin maganaɗisun da ruwan hiliyom mai sanyin kusan digiri 269 ƙasa da sifiri, ga buƙatar wutar da ba ta yankewa. Injiniyoyi na neman hanyar rage wannan. A 2020 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da wata ƙaramar MRI ta kamfanin Hyperfine, mai ƙarfin tesla 0.064 kacal, ana tura ta kan taya har bakin gadon majinyaci, a jona ta da soket na bango. Kan mutum kaɗai take dubawa, hotonta kuma bai kai na babbar fitowa ba. A ganina irin wannan binciken ne ya fi dacewa da mu, inda yaro mai ruwa a kai sai an ɗauko shi daga Dukku ko Nafada zuwa birni kafin a ga abin da ke ciki.

Tambaya: Likita, cikina wata biyar, ina zaune a Kumo. An yi mini sikanin sau biyu. Surukata ta ce zafin na'urar yana dafa jariri, maigida kuma yana so in koma a duba mace ce ko namiji.

Amsa: 'Yar uwa, ki kwantar da hankalin Inna. Sikanin ciki sauti yake aikawa, mai tsinin da kunne ba ya ji, sautin ya bugi jariri ya dawo, kwamfuta ta mayar da shi hoto. Babu irin hasken da ke cikin hoton ƙashi a tare da shi. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowace mai ciki ta yi aƙalla sau ɗaya kafin mako 24, don a san kwanakin cikin, a ga ko tagwaye ne, a kuma duba halittar jariri. Daga baya likita kan ƙara in yana son sanin kwanciyar ɗa ko inda mabiyiya take.

Na maigida ne ban goyi baya ba. Ba haram ba ne a likitance, amma kuɗin da za a kashe don jin mace ko namiji gara a sa shi a gwajin jini da maganin ƙarin jini. Sikanin ba ya nuna hawan jini, hawan jinin ne kuwa ke kawo jijjiga. Na ga mata da yawa riƙe da takardun sikanin uku huɗu, ba su taɓa zuwa awo ba. Yanzu ma an ƙera kan sikanin da ake jonawa da wayar hannu, ma'aikacin lafiya ya sa a aljihu ya shiga ƙauye. Ci gaba ne, amma hoton ba ya fassara kansa, sai wanda ya koya.

Tambaya: Ni tsohon malamin makaranta ne a Pantami. An kafa turken sabis jikin katangarmu, tun lokacin nake ciwon kai. Ana cewa yana kawo cutar kansa, wato ciwon daji.

Amsa: Baba, barka da hutawa. Igiyar rediyo da turke da wayar hannu ke amfani da ita, har da 5G da aka fara a Najeriya a 2022, ba ta da ƙarfin da zai karya ƙwayar halitta kamar yadda hasken hoton ƙashi mai yawa ke iya yi. A 2011 cibiyar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta a rukunin abubuwan da ake zargi ba tare da cikakkiyar hujja ba, daga nan maganar ta bazu. A 2024 aka fitar da wani babban nazari da hukumar ta sa aka yi, wanda ya tattara binciken shekaru da dama, bai sami alaƙa tsakanin wayar hannu da kansar ƙwaƙwalwa ba. Eriyar ma tana harba saƙonta ne nesa, ba ƙasa kan rufinku ba.

Abin da zan dube shi a wurinku janareta ne: hayaƙin dizal da ƙara duk dare suna hana barci, rashin barci kuma na kawo ciwon kai. Wannan kuna da hakkin kai ƙorafi a kansa. Kafin nan, Baba, a auna muku jini. Ciwon kai a shekarunku, nan ake fara dubawa.

Tambaya: Masu aikin tarin fuka sun zo Kaltungo da ƙaramar na'urar hoton ƙirji, kwamfuta ta ce ƙanena yana da alama. Mu yarda da kwamfuta? Kuma hasken ba ya cutarwa?

Amsa: Tun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a yi amfani da manhajar da ke karanta hoton ƙirji wajen tace masu shekara 15 zuwa sama. Tacewa kawai take yi. Tabbaci sai an gwada kakinsa, don haka ya kai kakin gobe. In ya tabbata, magani kyauta ne, na wata shida, kuma a duba sauran mutanen gidan. Hoton ƙirji ɗaya bai wuce hasken da jiki ke sha daga ƙasa da sama cikin kwana goma ba. Hoton CT na ciki, wanda ke nuna cikin jiki yanka-yanka, shi ne mai nauyi, yana kai na shekara biyu zuwa uku, shi ya sa ba ma son mutum ya tura kansa ba tare da likita ya nema ba.

Tambaya: Ni ɗaliba ce a jami'ar Kashere. Da gaske ne mutum-mutumi na yin tiyata shi kaɗai?

Amsa: A'a 'yata. Na'urar da Vinci, wadda Amurka ta amince da ita a 2000, likita ne ke zaune gaban allo yana sarrafa hannayenta, ita kuma tana rage rawar hannu, ta shiga ta ƙananan huda. A 2001 Farfesa Jacques Marescaux yana birnin New York ya cire wa wata mata madaciya a Strasbourg ta Faransa ta layin sadarwa na musamman. Matsalar tiyata daga nesa ita ce jinkirin saƙo, ko na ƙiftawar ido ne, kuma a kan wannan masu binciken sadarwa ke aiki yanzu. Ko a can sai da aka ajiye likitoci a gefen matar, don in layi ya yanke su karɓi wuƙar.