NVDA na karanto mini shirme daga fayil ɗin BRF, ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne mai larurar gani, ina amfani da NVDA, manhajar da ke karanta mini abin da ke allo, a kwamfutata. Wani abokina ya turo mini littafin Turanci a fayil mai ƙarewa da .brf. Da na buɗe shi a Notepad sai muryar ta riƙa karanto alamomi da lambobi barkatai. Na aro na'urar shafa birel mai gida 40 na jona, nan ma rubutun bai karantu ba. Da aka buga mini shi a inji kuma, duk layukan suka kakkarye. Fayil ɗin ne ya lalace, ko NVDA ɗin nawa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Da alama babu wanda ya lalace a cikinsu. BRF rubutu ne da aka riga aka juya zuwa birel, don yatsu aka yi shi, ba don kunne ba. Gidan birel mai ɗigo 6 yana da siffofi 64, kuma a BRF kowace siffa an ba ta harafi ko alama guda daga cikin na madannin kwamfuta. Ɗauki jimlar "The boy and the girl." A cikin fayil ɗin haka take zaune: ,! BOY & ! GIRL4. Waƙafin farko shi ne ɗigo na 6 mai nuna babban baƙi, alamar motsin rai tana wakiltar kalmar "the", alamar & ita ce "and", lambar 4 ta ƙarshe kuwa aya ce. Shekarar 2024 tana fitowa #BJBD. Muryar NVDA abin da ta tarar take faɗa, ba ta san birel ba ne.

Matsalar na'urar shafawa ita ce mafi sauƙin gyara, ita ce kuma ta fi rikita mutane. NVDA yana juya duk abin da ke allo zuwa birel kafin ya aika wa na'urar, ta hanyar jadawalan liblouis, wato manhajar da ke juya rubutu zuwa birel. Idan jadawalin da ka zaɓa na UEB ne, wato sabuwar ƙa'idar birel ɗin Turanci ta bai ɗaya, to zai sake juya abin da aka riga aka juya. Lambar 4 da take matsayin aya sai ta koma alamar lamba da harafin d, & ɗin ma ta ci gida biyu maimakon ɗaya. Ka danna NVDA da N, ka shiga Preferences, sai Settings, sai Braille. A wurin Output table ka zaɓi jadawalin birel na kwamfuta na Amurka mai ɗigo 8, wato English (U.S.) 8 dot computer braille. Wannan jadawalin harafi ɗaya gida ɗaya yake bayarwa, don haka abin da mai shirya littafin ya rubuta shi zai zo ƙarƙashin yatsanka. Littafin zai karantu, amma tunda yawancin fayilolin BRF da manyan baƙaƙe ake adana su, za ka ji ɗigo na 7, wanda ke ƙasan ɗigo na 3, ya manne wa kusan kowane harafi. Ba lalacewa ba ce, damun yatsa kawai yake yi. In ka gama karatu ka mayar da jadawalinka na da, in ba haka ba duk sauran manhajoji a birel ɗin kwamfuta za ka riƙa jin su.

A Notepad ɗin ka kashe Word wrap, wato zaɓin da ke karya dogon layi ya dace da faɗin allo. Kada ka buɗe BRF a Microsoft Word, domin gyaran da yake yi da kansa idan ana rubutu, kamar lanƙwasa alamar zance, yana iya sauya ɗigo ba tare da ka sani ba. Na'urori irin su Orbit Reader 20 suna karanta BRF kai tsaye daga katin SD, ba sai da kwamfuta ba, sai dai layin gida 40 zai rabu biyu a na'ura mai gida 20.

Idan kuma da kunne kake son jin littafin, shawarata ka nemo shi a wani tsari: Word, EPUB ko DAISY. Ɗakin karatu irin Bookshare yana ba da littafi guda a waɗannan tsare-tsare duka, har da BRF. In babu sai wannan fayil ɗin, ana iya mayar da shi rubutun boko. A manhajar juya birel ta Duxbury ka buɗe shi ka danna Ctrl da T. A liblouis akwai lou_translate mai zaɓin juyawa baya. Amma sai ka fara gano da wace ƙa'ida aka rubuta littafin. Najeriya ta karɓi UEB a 2005, Amurka kuwa ba ta koma kansa gaba ɗaya ba sai Janairun 2016, saboda haka tsofaffin fayiloli masu tsohuwar ƙa'ida suna nan jingim. UEB ya zubar da taƙaitattun siffofi 9, cikinsu har da na "ation", "ally" da "ble". Gwajin ba wuya: ka nemo kalmar "nation". Idan ka same ta N,N, tsohuwar ƙa'ida ce, kuma jadawalin UEB zai ɗauki waƙafin nan a matsayin alamar babban baƙi ya ba ka "nN". Haka "table" za ta zo TA#, jadawalin ya zaci lamba ce za ta biyo. A liblouis en-us-g2 ne na tsohuwar ƙa'idar Amurka, en-ueb-g2 na sabuwa. Ko an dace da jadawali, lambobin shafi da kanun shafi za su cakuɗu da karatun, lissafin da aka rubuta da tsarin Nemeth, wato birel ɗin lissafi, kuwa ba zai dawo daidai da jadawalin adabi ba.

Batun inji, girman takarda ne. A BRF an riga an yanke inda kowane layi da kowane shafi zai ƙare, galibi gida 40 a layi, layi 25 a shafi, gwargwadon takardar birel mai faɗin inci 11.5 da tsawon inci 11. Takardar A4 wajen gida 30 kawai take ɗauka a layi. Ragowar gidajen sai su zubo layi na ƙasa, shafi ya cika kafin lokacinsa, a samu shafukan da ba su cika ba. Ko dai a sa babbar takarda a saita injin a kan 40 da 25, ko a koma ga asalin rubutun a sake juya shi daidai da A4. A tabbatar kuma injin ya karɓi fayil ɗin a matsayin birel, kada shi ma ya sake juyawa. A fara buga shafi 2 a shafa kafin a saki littafin duka, takardar birel ba arha gare ta ba.

Wani abu da zai same ka ranar da ka tashi juya rubutun Hausa: ɓ, ɗ da ƙ ba sa cikin haruffan ASCII, wato ainihin haruffa da alamomin Turanci na kwamfuta. Idan ka adana rubutun a tsarin ANSI za su iya komawa alamar tambaya ko su rasa lanƙwasarsu tun kafin a juya, don haka ka adana shi a UTF-8. Jadawalin da bai san su ba kuma lambarsu yake rubutowa, ɓ ta fito \x0253 a tsakiyar kalma. Kafin ka juya, ka gwada da gajerun kalmomi irin su ɓera, ɗaki da ƙofa, ka shafa ka ji yadda jadawalin ya fitar da su.