Shafin Saukewa Kyauta: Wa Zai Biya Kuɗin Datar da Ke Fita?

Tambayoyin wannan makon sun fito ne daga masu shafukan da ke raba karatu da littattafai kyauta a intanet, waɗanda yawan jama'ar da suke nema ya zame musu nauyin da aljihunsu ba ya iya ɗauka.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da wasu 'yan'uwa muna da shafin da muke ɗora tafsiri da wa'azin malamanmu fi sabilillahi. Mun kama hayar wurin ajiyar shafi da aka ce mana ba shi da iyaka, amma azumi yana kaiwa goma sai kamfanin ya rufe mu, wai mun wuce ƙa'ida. Kowane karatu awa guda ne, nauyinsa kusan megabayit 58, kuma kimanin mutum 5,000 ne ke sauke kowanne. An ba mu shawarar mu koma Amazon. Mu koma? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam, Allah ya saka muku da alheri. Kada ku yi gaggawar komawa ko'ina tukuna, domin idan kuka kwashi kayanku yadda suke kuka kai Amazon, rufewar da aka yi muku za ta koma bashin dala.

Mu fara da maganar rashin iyaka. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Irin wannan haya mai araha kwamfuta ɗaya ce ake raba wa shafuka masu ɗimbin yawa, kuma kamfanin yana yin alkawarinsa ne bisa tsammanin cewa yawancin masu haya rubutu da 'yan hotuna kawai za su ɗora. Idan kuka koma kuka karanta sharuɗɗan da kuka amince da su ranar biyan kuɗi, da wuya ku rasa inda aka ce wurin na gudanar da shafi ne, ba na tara fayiloli da rarraba su ba.

Lissafin abin da ya faru ba shi da wuya. Karatu 30 masu nauyin megabayit 58 sun kai gigabayit 1.7, wanda ajiye shi ba komai ba ne. Amma idan mutum 5,000 suka sauke kowanne, datar da ta fita daga wurinku a watan ta kai terabayit 8.7, wato gigabayit 8,700. A ma'ajiyar S3 ta Amazon, farashin da aka daɗe da sani na fitar data daga cibiyoyinsu na Amurka shi ne kusan santi 9 (santi 100 ne dala ɗaya) kan kowane gigabayit bayan gigabayit 100 na farko da suke bayarwa kyauta a wata, wato za ku biya sama da dala 770 a azumi guda. Tsarin nasu kamar sito ne da kuɗin ajiyarsa bai taka kara ya karya ba, amma kowane buhu da zai fita sai an biya masa a bakin ƙofa. Ya dace da kamfanin da ke samun riba daga kowane mai saukewa, amma ga mai rabawa kyauta, duk lokacin da Allah ya ƙara wa karatun karɓuwa sai bashin ya ƙaru.

Saboda haka aikin farko a kan fayilolin ne, kuma ba ya buƙatar ko kwabo. Megabayit 58 a awa guda yana nuna cewa kuna fitar da sautin a kilobit 128 cikin daƙiƙa, ma'aunin da aka saba amfani da shi domin kiɗa. Muryar malami da ta mai jan baƙi a masallaci ba sa buƙatar haka. Idan kuka mayar da sautin mono, wato layin sauti ɗaya maimakon na hagu da na dama, kuka sauke shi zuwa kilobit 32, awa guda za ta koma kimanin megabayit 14, kuma mai sauraro a waya zai ji kowace kalma tangaran. Inda ƙira'a ce zalla, wadda ake son tajwidi ya fito sarai, ku bar ta a 64, wato megabayit 29. Manhajojin Audacity da FFmpeg kyauta ne, kuma na biyun yana iya sauya ɗaruruwan fayiloli a zama ɗaya. Akwai tsarin Opus, wanda saƙon murya na WhatsApp ke amfani da shi, ya fi MP3 iya matse magana ba tare da ta lalace ba, amma ina ba ku shawarar ku tsaya a MP3, domin ƙananan wayoyi da rediyoyi masu cin memori, waɗanda dattawa da mata a cikin gida suka fi sauraron karatu da su, shi suka sani. Ku adana asalin rikodin mai nauyi a wurinku, kada ku taɓa matse shi ku goge na farko.

Wannan mataki shi kaɗai ya mayar da terabayit 8.7 zuwa kusan 2.2. Abin da ya fi damuna ma shi ne ɗaya ɓangaren, wanda masu shafuka ba su cika tunawa da shi ba: datar da kuke biya a matsayin mai fita, shi ma mai saukewa yana biyanta a matsayin mai shiga. Ɗalibin da ke son tafsirin wata guda zai kashe gigabayit 1.7 a tsohon tsarinku, a sabon kuwa bai kai rabin gigabayit ba. Tun da hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin farashi har zuwa kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, wannan bambanci na iya zama shi ne tsakanin wanda zai saurari karatun duka da wanda zai tsaya a na biyar.

Bayan haka sai ku raba shafin da fayilolin. Shafin kansa, da sunayen malamai da jerin karatuttuka, ya ci gaba da zama a wurin haya mai araha, domin ba shi da nauyi. Fayilolin sauti kuma ku kai su ma'ajiyar da ba ta karɓar kuɗin fita. Wadda na fi karkata gare ta a halinku ita ce R2 ta kamfanin Cloudflare, wadda aka buɗe wa kowa a 2022: ba a biyan komai kan datar da ta fita, gigabayit 10 na farko kyauta ne, abin da ya haura kuma santi ɗaya da rabi ne kan gigabayit a wata. Ko da tarin karatun shekaru ya kai gigabayit 200, abin da za ku biya bai kai dala 3 a wata ba. B2 ta kamfanin Backblaze ita ma tana da araha, tana ba da fita kyauta har ninki uku na abin da mutum ya ajiye, amma ku da ajiyarku kaɗan ce fitarku da yawa, za ku wuce wannan da wuri sai dai in kun haɗa ta da Cloudflare. Idan a cikinku akwai wanda ya iya kula da saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafi da fayilolinsa, kamfanin Hetzner yana haɗa terabayit 20 na fita a cikin kuɗin hayar ƙananan sabobinsa na Jamus da Finlan, sai dai gyara da tsaro duk a wuyanku suke, kuma ranar da ta tsaya cikin dare ba wanda zai tashe ta sai ku.

Akwai kuskuren da ya kamata ku guje wa. Wasu sukan bar fayilolin a tsohon wurin, su sa shafin a bayan tsarin Cloudflare na kyauta, wanda ke miƙa wa masu saukewa kwafin fayilolin a madadin shafin, domin ya ɗauke musu nauyin. Sharuɗɗan kamfanin sun ba shi damar takura wa shafin da yawancin abin da yake fitarwa bidiyo ne ko sauti ko manyan fayilolin da ba a ma'ajiyarsa suke ba. Sannan duk waɗannan farashi na dala ne, wanda ya ga yadda naira ta faɗi tun Yunin 2023 kuwa ya san abin da hakan ke nufi. Ku duba farashin ranar da za ku yi rajista, ku tabbatar katinku yana biya a waje, ku kuma kunna gargaɗin da zai sanar da ku idan kuɗin wata ya wuce abin da kuka ware.

Tambaya: Ni malamar makaranta ce, ina tara littattafai da tsofaffin tambayoyin jarrabawa na PDF a Google Drive ina raba wa ɗalibai. Idan jarrabawa ta matso sai ya riƙa cewa an wuce adadin saukewa. Ba ni da kuɗin sayen komai. Ina mafita? Daga Sakkwato.

Amsa: Malama, Google Drive an yi shi ne domin ajiyar mutum da abokan aikinsa, shi ya sa idan jama'a suka yi wa fayil guda rubdugu yakan kulle shi, wani lokaci har kwana guda. Akwai mafita biyu da ba za su ci miki kuɗi ba. Internet Archive, ɗakin karatun intanet da Brewster Kahle ya kafa a 1996 a Amurka, yana karɓar littattafai da sauti kyauta, kuma kowa na iya saukewa ba tare da rajista ba. Tashar Telegram kuma tana ɗaukar fayil har gigabayit 2, ga shi ɗalibai da yawa sun saba da ita. Ki yi amfani da duka biyun, amma ki riƙe kwafin komai a hannunki, domin a Oktoban 2024 an kai wa Internet Archive hari ya yi kwanaki a rufe, Telegram kuwa yana iya goge tasha idan aka yi ƙorafi a kanta.

Ki kula da yadda ake ɗaukar hoton shafukan. Littafin da aka ɗauka da kyamarar waya mai launi yakan ninka wanda aka mayar baƙi da fari nauyi sau da yawa, alhali rubutu ne kawai a ciki. Sai kuma batun haƙƙi, wanda ba na son ki ɗauke shi da wasa. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana kare littattafan da ke kasuwa, kuma marubutanmu na Hausa da masu buga littattafan makaranta suna cikin waɗanda suka fi cutuwa da yawon PDF. Rubuce-rubucen malaman ƙarni na 19 sun zama na kowa, amma fassara ko sharhin da wani ya yi musu a wannan zamani nasa ne. Abin da ba naki ba, ki nemi izinin mai shi kafin ki ɗora.

Tambaya: Wasu shafuka suna kwafe adireshin fayilolina su sa a nasu, su ci kuɗin talla ni kuma ina biyan data. Na ji ana maganar BitTorrent, ko shi ne magani? Ko in sa talla ni ma? Daga Kano.

Amsa: Malam, maganin masu kwafe adireshi iri biyu ne. Za ka iya umartar sabarka ta ƙi ba da fayil idan buƙatar ta zo daga wani shafi daban, ko ka riƙa fitar da adireshi mai wa'adi, wanda ke mutuwa bayan wani lokaci. Na biyun ya fi ƙarfi, amma ka ba shi wa'adi mai tsawo, kamar yini guda, saboda a wurinmu sabis yakan ɗauke ana tsakiyar saukewa, kuma wanda ya kai kashi 90 bai kamata ya dawo ya tarar da adireshin ya mutu ba. Ka gwada da kanka: ka fara saukewa, ka kashe data, ka kunna, ka ga ko zai ci gaba daga inda ya tsaya. Idan daga farko yake komawa, kana biyan fayil guda sau biyu ko uku, mai saukewa ma haka. In kuwa ka koma ma'ajiyar da ba ta karɓar kuɗin fita, to asarar kuɗin ta ƙare, abin da ya rage shi ne a san daga wurinka abin ya fito.

BitTorrent, wanda Bram Cohen ya ƙirƙira a 2001, yana aiki ne ta hanyar sa masu saukewa su riƙa tura wa junansu gutsattsarin fayil, shi ya sa masu raba manhajoji kyauta irin su Ubuntu da Debian suke amfani da shi. Yana bunƙasa ne inda mutane ke da intanet na gida da ba a ƙirga musu data, suna barin kwamfuta a kunne. Mai waya da ya sayi gigabayit ɗaya ba zai yarda datarsa ta ƙare wajen tura wa wanda bai sani ba, kuma yana da gaskiya. Ban ga amfaninsa gare ka ba sai in kana raba manyan tari ga masu kwamfuta.

Mu tamu hanyar rabawar tana nan tun tuni: Xender, da memori, da masu turi a kasuwannin waya irin Farm Centre ta Kano, inda fayil guda da aka sauke sau ɗaya kan shiga wayoyi da yawa ba tare da ka biya komai ba. Ka taimaka wa wannan hanya. Ka ba kowane fayil suna bayyananne mai ɗauke da abin da ke ciki da lambarsa da shekararsa, ka rubuta adireshin shafinka a bayanan da ke cikin fayil ɗin, ka kuma haɗa tarin wata guda a ƙunshi ɗaya domin mai turi ya sauke lokaci guda.

Game da talla, ban hana ka ba, amma ka guji kamfanonin da ke cika shafi da maɓallan saukewa na bogi da tallan caca, domin su ne suka fi saurin karɓar ƙananan shafuka, kuma suna cinye datar baƙonka su jefa shi inda bai nufa ba. Idan ka rage nauyin fayiloli ka sauya ma'ajiya, abin da zai rage maka a wata zai yi wuya ya wuce 'yan daloli da kuɗin sabunta sunan shafi sau ɗaya a shekara. Wannan kuwa ɗan kasuwa guda da ya yarda da aikinka zai iya ɗauka, ko ka rubuta ainihin abin da kake kashewa a shafin ka nemi gudummawa, ka riƙa sabunta lissafin duk ƙarshen wata domin masu bayarwa su ga inda kuɗinsu ya tafi.