Amsa kan ko duk ilimi daga gani da gogewa yake zuwa

Ɗan'uwa, ka tambaya ko gaskiya ne mutum ba ya sanin komai sai abin da ya gani ko ya taɓa, kuma in haka ne yaya za a yi da idon da kan yaudari mai shi. Na daɗe ina koyar da kimiyya a sakandare, bari in faɗi fahimtata.

Maganar ba sabuwa ba ce. John Locke, masanin falsafa na Ingila, wanda ya rasu a 1704, ya ce hankalin jariri kamar farar takarda yake, abin da ya ci karo da shi a rayuwa ne ke rubutu a kai. Amma ni wanda ya fi burge ni shi ne Ibnul Haisam, da aka haifa a Basra wajen 965. A zamaninsa masana da dama na bin maganar Euclid da Ptolemy, masanan Girkawa na zamanin da, cewa haske daga ido yake fita ya sauka kan abu. Shi kuwa bai karɓa don manya sun faɗa ba. Gwaji ya yi ta yi, har ya nuna cewa hasken ne ke shigowa ido daga waje.

Irin wannan nake yi da ɗalibaina. Sun haddace cewa haske a miƙe yake tafiya, amma haddar ba ta zama sani sai ranar da muka huda kwali da allura, muka manna takarda shara-shara a ɗaya ɓangaren, muka kunna kyandir cikin duhu. Harshen wutar sai ya fito a takardar, kai a ƙasa. Wallahi a ranar har yaran da ba sa buɗe baki sai sun yi tambaya. Gani ya kori ji.

Batun yaudarar ido kuwa, gaskiyarka. Tsoma fensir a kofin ruwa, za ka rantse ya karye. To, da me ka gane bai karye ba? Ka bi shi da yatsa, ka ciro shi, ka sake dubawa. Wato wata lurar ce ta gyara ta farko. Shi ya sa kallo ɗaya ba ya isa, sai an maimaita, an auna, wani ma ya gwada.

Inda ban yarda da kalmar "duk" ba shi ne lissafi. Babu wanda ya taɓa ƙirga lambobi har ƙarshe, amma da hujjar hankali mun tabbata ba su da iyaka. Immanuel Kant, masanin falsafa Bajamushe, ma a 1781 abin da ya tsaya a kai ke nan: sani da gogewa yake farawa, amma ba duka daga gare ta yake fitowa ba.